Kwanon da Na Ɗauka Babu Komai Ciki

Ni ba mace ce mai fita ba. Tun da aka kawo ni unguwar Gidan Igwai ina amarya, in ka cire biki da suna da gaisuwar mutuwa, ƙafata ba ta san titi ba. A tsakar gida na yi rayuwata, ina murza taliya, ina soya ƙuli, mata suna shigowa muna hira har rana ta karkata. Ba ni zuwa wurin mutane, su ke zuwa wurina, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Shi ya sa har yau abin yake ci mini rai, a ce ni ce aka yi wa shaidar yawo a unguwar nan.

Ciwon suga a gidanmu yake. Yayata da nake bi, shi ya ci ƙafarta. Ƙaya ce ta soke ta a yatsa ba ta ji ba, wurin ya ruɓe, aka yanke yatsan, bayan wata huɗu aka yanke daga gwiwa. A ɗakina ta yi shekara biyunta na ƙarshe. Ni ke kama ta in kai ta bayi, ni ke tsayawa a bakin ƙofa ina jin tana kuka a hankali don kada in ji. Saboda haka ranar da na tashi na ji babban yatsana na hagu kamar an naɗe shi da tsumma, ban buƙaci kowa ya yi mini bayani ba.

Matar babban ɗana ce ta kai ni asibiti. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar autata ba. Ta sa na rufe ido, ta ɗauko wani ɗan zare mai tauri tana taɓa tafin ƙafata tana cewa, "Nan fa, Mama?" Wani wurin in ji, wani wurin shiru. Da ta gama ta rubuta magani, sannan ta ce, "Rabin maganin yana ƙafarki. Kullum da safe ki yi tafiyar rabin awa, da sauri, har ki ji gumi."

Na ce, "In tahi ina?"

"Ko'ina. Ki tafi ki dawo."

"Ɗiyata, mutum na tahiya ko'ina? Ai sai da wurin zuwa."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba, don na san unguwarmu.

Washegari bayan na idar da sallar asuba gari ya yi haske, na sa hijabi na fita. Gida na farko daga namu shi ne na Hajiyar kwana. Haka muke ce mata don gidanta ne a kan kwanar layi. Shekara talatin muna tare da matar nan, ni na yi mata wankan jego na 'ya'ya uku. Da safe takan zauna a bakin zaure tana sayar da koko da ƙosai, duk wanda zai fita layin sai ya bi ta gabanta. Tana ganina ta ajiye ludayi.

"Lahiya? Wa ya rasu?"

Na ce babu wanda ya rasu, likita ce ta ce in riƙa tafiya. Ta jawo mini kujera. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi nata, ta zuba mini koko a kofi har da suga cokali biyu, wai in sha in samu ƙarfin tafiyar. Daga nan gida na biyu, daga nan na uku, a na huɗu aka nuna mini jaririya. Na dawo gida rana ta take, cikina cike da koko, goro biyu a ƙulle a bakin zane, ban yi tafiyar da ta kai daga ɗakina zuwa masallacin layi ba. Mako biyu ina haka.

Da na koma asibiti likitar ta duba jinina ta ɓata rai. Na ba ta labari tiryan-tiryan. Ta ce, "Mama, wannan ziyara ce. Kada ki tsaya. Ki yi sallama ki ɗaga hannu ki wuce."

Ita a wurinta ƙaramar magana ce. Na yi ta juya ta a raina har muka iso gida, sai na tuna yayata a bakin bayi, na ce to, zan ɗaga hannu in wuce.

Ranar farko da na yi haka, Hajiyar kwana ta riga ta jawo kujerar. Na ce, "Salamu alaikum, an tashi lahiya, sai na dawo," ban rage sauri ba. Ina jin idonta a bayana har na sha kwana. Da na dawo na shiga na yi mata bayani da kyau, na ce likita ta hana ni tsayawa. Ta ce, "To. Likita ta hana gaisuwa. Mun ji sabon addini." Ta juya tana kwashe ƙosai. Na ɗauka fushin kwana biyu ne.

Abin da ban zata ba, tafiyar ta yi mini daɗi. Nakan fita layinmu in hau babban titi, masu shayi suna hura wuta, masu shaguna suna yayyafa ruwa a ƙofa. Na ga gine-ginen da shekara ashirin ina jin labarinsu a bakin mata. Barcina ya gyaru, gwiwata ta daina ƙara in na tashi daga sujada. Matsalar ɗaya ce, babu mai barin tsohuwa ta yi tafiya a garin nan. 'Yan kabu-kabu su tsaya, masu napep su tsaya. "Inna, ina za ki? Shigo, ba sai kin biya ba." In ce na gode, su bi ni a hankali suna roƙo kamar na yi yaji.

Wata safiya ƙarfi ya zo mini, na miƙe har Sama Road. Sai ga wata farar mota ta tsaya a gabana. Wani abokin babban ɗana ne, tare suke sayar da hatsi a kasuwa. Ya fito ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, ke ce ƙasa? Ina Alhaji? Ina mota?"

Na ce motsa jiki nake. Ya ce subhanallahi, wane irin motsa jiki, ya buɗe ƙofa ya tsaya. Mutane sun fara kallo. Na ji kunyar in yi ta gardama da ɗan mutane a bakin titi, na shiga. Maimakon ya kai ni gida, sai ya wuce da ni rumfar ɗana a kasuwa, ya sauke ni gaban 'yan kasuwa yana cewa, "Alhaji, ga Inna na tsinto Sama Road." Tsinto. Kamar akuyar da ta ɓalle igiya.

Ɗan nan nawa na fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, Alhaji nake cewa, kuma magana mai tsawo ba ta cika haɗa mu ba. Da yamma ya zo gida da matarsa, ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, kansa a ƙasa.

"Inna, kin kunyata ni yau. Ana cewa ina da mota biyu, uwata na yawo da silifas."

Na ce wa matarsa, da ke zaune gefe, "Hwaɗa mishi abin da likita ta ce, ke kina wurin." Ta faɗa masa. Ya ce in dai tafiya ce, ga tsakar gida, in riƙa zagayawa. Tsakar gidan nan taku tara ne daga randa zuwa turken awaki. Na gwada kwana uku. Zagaye goma sai jiri ya kwashe ni, awaki suna kallona, 'yan hayar ɗakin gaba suna leƙe ta labule. Rana ta huɗu na sa hijabina na fita titi.

Ban kai awa ɗaya da dawowa ba ya bugo waya. Haka washegari, haka jibi. Ya san lokacin da na fita, ya san ta inda na bi, ya san kalar hijabina. Ba sai an gaya mini mai kai rahoton ba. Mutum ɗaya ce ke zaune a kan kwana da waya a ƙugunta.

Sannan mata suka fara zuwa gaishe ni. Ba irin zuwan da ba, na hira da dariya. Su shigo biyu-biyu, su zauna nesa kaɗan, su ɗaga murya kamar kurma suke wa magana. Wata da na yi wa kitson aurenta da hannuna ta matso ta ce, "Inna, kin gane ni?"

Na ce, "Na gane ki. Ke ce kika ari turmina tun azumin bara."

Suka kalli juna. Wata ta ajiye mini ƙullin hayaƙi, wai in riƙa turarawa kafin in kwanta. Da suka fita ban motsa ba, na kasa kunne, don katangar zaurenmu ba ta riƙe magana. Na ji ɗaya tana cewa, "Hajiya ta ce haka abin ka hwarawa. Mutum ya tashi ya yi ta tahiya ba wurin zuwa. Wata rana sai a neme ta a rasa." Ashe Hajiyar kwana ta gama zagaya layi da labarin na fara ruɗewa.

Nan na yi wautar da har yau in na tuna sai in ji zafi a fuskata. Na zauna na yi tunani, na ga ai abin da ke damun mutane shi ne hannuna babu komai. Mace in ta ɗauko kwano a ɗaure da ƙyalle, babu mai tambayarta, kowa ya san abinci za ta kai gidan haihuwa ko gidan mara lafiya, kuma ba a tsayar da ita don kada ya huce. Sai na ɗauko kwanon samira mai murfi, na ɗaure shi da sabon ƙyalle, na riƙa fita da shi. Da farko nakan zuba ɗan gero a ciki, sai na ga nauyin yana sa mini ciwon kafaɗa, na daina zuba komai.

Dabarar ta ci kusan kwana goma. 'Yan napep suka rage tsayawa. Masu shayi su ce, "A gaishe da mai jiki, Inna," in ce za su ji. Har na fara jin daɗin wayona.

Wata ranar Talata na zo wucewa, mutane sun fi goma a gaban kokon Hajiya, maza da mata da masu jiran ƙosai. Ta taso da kanta ta tare hanya, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Wagga ɗiya mai haihuwa kullum, ɗiyar wa ce? Mu ma mu je barka."

Na ce, "Ba ni hanya, Hajiya."

"Mu gani mana, mi anka dahwa? Ko ƙamshi babu."

Ta kama ƙyallen. Na riƙe, ta ja, murfin ya faɗi ƙasa ya yi ta juyawa yana ƙara. Kowa ya leƙa. Ba ta yi dariya ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta dafa ƙirji ta ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Allah sarki. Kun gani ko? Kwano wayam take kai ma mutane."

Na buɗe baki in yi bayani, na ga duk abin da zan faɗa ƙara tabbatar musu zai yi. Me zan ce? Na ɗauko kwano babu komai don a ɗauka da komai? Wani dattijo ya ɗauko murfin ya goge da hannun rigarsa ya miƙo mini yana cewa, "Koma gida, Inna, rana ta hwara zahi." Na karɓa. Na dubi matar nan da na wanke wa jini sau uku, na ce, "Hajiya, Allah ya bar ki da ƙahwahunki biyu." Ta ce amin, ta ce wa mutane, "Kun ji kuma." Ban koma gida ba. Na ƙarasa tafiyata da kwano a hannu ɗaya, murfi a ɗaya, hawaye suna zuba cikin hijabi.

Da la'asar Alhaji ya zo da matarsa. Wannan karon bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Inna, a haɗa kayanki. Unguwar Minanata za ki koma wurinmu. Akwai get, akwai maigadi, hankalina zai kwanta."

Na san gidan. Tsakar gidan duk tayil ne mai santsi, mota biyu sun cinye rabinsa, maigadin kuma ba ya buɗe ƙofa sai da izinin maigida. In na shiga nan, tafiya ta ƙare.

Na ce, "Kai ma ka yarda na ruɗe?"

Ya ce, "Ni ban ce ba. Amma kwanon hwa, Inna?"

Sai na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda shekara arba'in da shida bai taɓa ji a bakina ba. Ya ɗago kai da sauri kamar an mare shi. Matarsa ta sunkuyar da nata.

Na zare tsinke ɗaya daga tsintsiya na miƙa masa. Na miƙe ƙafata ta hagu a gabansa, na ce, "Zan ruhe ido. Ka taɓa babban yatsan nan da wanga tsinke." Ya ce haba Inna. Na ce ka taɓa. Na rufe ido na jira. Na ji kukan akuya, na ji 'yan haya suna zuba ruwa a bokiti. Da jiran ya yi yawa na ce, "Ka hwara mana."

Matarsa ce ta amsa. "Sau ukku ya taɓa, Inna."

Na buɗe ido. Na ce masa, "Kai ka ɗauko yayata daga asibiti bayan da anka yanke mata ƙahwa, a bayan motarka. Ka ga abin da ya rage. Wanga abokin naka da ya tsinto ni, in an yanke tawa shi za ya zo ya kai ni bayi? Ko Hajiyar kwana? Matarka ce za ta yi, wagga baiwar Allah, tana toshe hanci ina jin kunya. Ni ba ni zuwa Minanata. In ka sa a ɗauke ni da ƙarhi, to ka sani ƙahwata ka ɗauka."

Ya daɗe yana juya tsinken a hannunsa. Na zaci zai ce in yafe masa. Abin da ya fito bakinsa shi ne, "To mi za ni ce ma mutane?"

Na ce, "Ce musu uwarka na da ciwon suga, likita ta sa ta tahiya. Wuya gare shi?"

Matarsa ce ta kawo mafita, ta ce za ta riƙa zuwa da napep kullum da safe in ta sallami yara makaranta, mu yi tafiyar tare, ita ma jikinta ya yi nauyi. Ya ce to, in dai ba ni kaɗai ba. Ya sayo mini takalmin kambas mai laushi, irin wanda likita ta ce, ya aiko da shi. A kan haka aka tsaya, kuma yarinyar nan ba ta taɓa saɓa alkawari ba, Allah ya yi mata albarka. Tana da saurin tafiya, ba ta da surutu, ni ke yin hirar mu biyu.

Na ɗauka magana ta mutu. Bayan kamar wata ɗaya, ranar Juma'a, Alhaji ya zo gaishe ni, da zai tafi ya haɗu da dattawan layi a ƙofar zaure. Ina daga ciki ina tsince zogale. Na ji ɗayansu yana cewa, "Alhaji, ya mai jiki? Mun ga ka sa iyalinka na bin ta. Ka kyauta wallahi. Larurar tsuhwa sai haƙuri, wani da ɗaure ta zai yi."

Na tsayar da hannuna ina jira ya gyara musu. Kalma huɗu ce kawai, suga ne ke damunta.

Ya ce, "Amin, mun gode. A ci gaba da sa mu addu'a."

Sai a lokacin na gane lissafinsa. In uwarsa lafiyayya ce tana tafiya a ƙasa, shi ne ɗan da bai kula ba. In ruɗaɗɗiya ce da mai tsaronta, shi ne ɗan kirki mai haƙuri. Ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi a kasuwa. Ban yi masa maganar ba, kuma ba zan yi ba. Yana zuwa duk Juma'a, ina amsa gaisuwarsa, ina sa masa albarka don wajibi ne. Amma furar da nakan dama masa da hannuna, yanzu 'yar haya nake sa ta dama.

Hajiyar kwana kuwa, sallama ce kawai tsakaninmu, saboda haƙƙin maƙwabtaka. Ta aiko mini da ƙosai sau biyu, na ba awaki.

Watan jiya aka aurar da jikar mai gidan da ke kallon namu. A layin nan, duk bikin da aka yi, ni ake kira in raba gara, don na san gidan da ke da mutum goma da wanda ke da uku, na san wadda za ta ji haushi in an ba ta alkaki babu nakiya. Wannan karon ba a kira ni ba. Wata yarinya aka sa, ta raba, aka kwana uku ana gunaguni. Ni kason da aka aiko mini ma an haɗo shi da saƙon Allah ya ƙara sauƙi.

Da safen ɗaurin auren muka fita da matar Alhaji kamar kullum, muka bi ta gaban rumfar bikin ana jera kujeru. Muka yi sallama muka wuce. Likita ta ce yatsan da ya mutu ba zai dawo ba, amma abin bai hau sama ba, sauran huɗun suna ji. Da muka dawo na zauna a bakin randa na cire kambas, na wanke ƙafafuna, na buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya ina dubawa yadda aka koya mini. Babu rauni, babu tsagewa. Na tsane su da tawul, na shafa mai, sannan na tashi na ɗora mana ruwan shayi.